Ranar Da Namadi Ƙamus Ya Shanya Turanci

Namadi mai rubuta allunan shaguna ya ƙudurta a ransa sai ya zama shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarsu ta firamare a Gwandu, kuma ya ƙudurta cewa Turanci ne zai ɗora shi a kujerar. Wannan fa mutum ne da in aka kankare kurakuran da ke cikin allunan da ya rubuta a garin, fenti kawai zai saura. Shi ya raɗa wa kansa suna Ƙamus, ya rubuta a bayan babur ɗinsa da jan fenti, kuma ko a nan ma sai da ya manta ƙugiyar harafin farko.

Dama ta zo masa ne da ƙungiyar ta shirya karrama Malam Haliru, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da Turanci a aji biyar kafin ya yi ritaya. Sun gina ɗan ɗakin karatu za a sa masa sunansa ranar Asabar, kuma a ranar ce za a zaɓi sabon shugaba. Sakatariyar ƙungiya, Khairiyya, ma'aikaciyar jinya ce a Sakkwato, don haka ta turo jerin ayyukan biki ta waya, da Turanci, a raba wa 'yan kwamiti.

Malam Haliru bai san an yi wannan rabo ba sai ranar Laraba da hantsi, lokacin da Lukuman mai injin casar shinkafa, shugaba mai barin gado, ya yi sallama a zaurensa yana ta fara'a.

"Malam, ashe haka kake da zurfi ba mu sani ba?"

"Wane irin zurfi? Zauna ka yi magana a jere."

"Jiya munka yi rabon aiki. Kujeru ni, rumfa Isma'il, abinci mata. Da munka zo layi na ƙarshe sai kowa ya yi tsit. Kalma guda ce tak. Sandiris."

"Nuna mini."

Lukuman ya miƙa wayar. Malam ya gyara tabarau ya duba.

"Sundries. To, sai aka yi yaya?"

"Sai Namadi ya miƙe ya ce wagga kalma ba ta ƙananan yara ba ce. Ya ce a raba ta biyu. Sun, rana. Dries, busarwa. Kayan da rana ta busar ke nan. Ya ce Turawa ba su karrama babban malami sai an jera mai busassun kaya a gaba, alamar ilminsa ba ya ruɓewa. Wallahi Malam har tafi anka yi. Ya ce a bar mai aikin, shi kaɗai."

Malam ya ajiye wayar a hankali.

"A ina ya ce ya samo wannan shirme?"

"Wurinka mana. Ya ce kai ka koya mai a aji biyar, ranar wata Talata, bayan an dawo tara."

Shekara talatin da biyar Malam Haliru ya yi bai taɓa barin waƙafi ya kwana a inda ba wurinsa ba. Bai tara gonaki ba, bai sayi mota ba. Abin da ya mallaka a Gwandu shi ne in gardama ta tashi a kan kalmar Turanci, a ce a je a tambayi Malam Haliru, kuma abin da ya faɗa ya zauna. Yanzu wannan sunan ne aka ɗaura wa busasshen kifi.

"Saurara, Lukuman. Sundries tarkace ne. Ƙananan abubuwa iri-iri da ba su kai a jera sunayensu ɗaya-ɗaya ba. Igiya, almakashi, ƙusa, batir, fil. Abin da yarinyar nan take nufi ke nan."

Lukuman ya sosa ƙeya.

"Amma Malam, sun ba rana ba ce?"

"Rana ce."

"Dries fa?"

"Busarwa."

"To ai shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba! Carpet fa? Car mota, pet dabbar gida. Kyanwa kake shimfiɗawa a mota ka zauna a kai?"

Lukuman ya yi dariya har da buga cinya.

"Namadi ya ce za ka musa, Malam. Ya ce manyan malamai haka suke, ba su son yabo."

Malam ya zura takalmi ya nufi shagon Namadi. A rufe ya same shi. Albarka mai gyaran babur, maƙwabcin shagon, ya leƙo daga ƙarƙashin wani babur da man inji har goshi.

"Ya tahi ƙauyuka tun da safe, Malam. Gobe kuma Kalgo, wurin kifi. Ya kwashe kauɗar matata kaf, da busasshiyar kuɓewa. Allah shi ƙara basira, Malam. Ashe tumatir ɗin da muke shanyawa bisa rufi suna gare shi a Turai!"

"Ba shi da suna a Turai!"

"Haka ya ce za ka ce."

Daga shagon zuwa gida mutum huɗu suka tare shi da godiya. Wata tsohuwa ta bi shi da ƙwaryar busasshen zogale, wai a sa nata a cikin na Turawa.

Ranar Alhamis Malam ya saka babban ƙamusunsa a jaka ya hau motar Kalgo. Matarsa, Hajiya Madina, ta raka shi bakin ƙofa.

"Malam, saboda kalma ɗaya za ka yi wannan tafiya?"

"Saboda sunana, Hajiya. Kalmar ba abin da zai same ta."

Bai sha wahalar neman Namadi a kasuwar Kalgo ba. Inda aka fi cincirindo a layin masu kifi, nan ya nufa. Ga shi kuwa a tsaye kan wani benci, sanye da kwat a cikin zafin nan na damina, biro uku a aljihun gaba, yana jayayya da wata dattijuwa mai suna Inna Hafiza.

"Inna, na ce ba na son wannan!"

"Mi ya same shi? Banda ce ta jiya-jiya, ko ƙuda bai sauka kanta ba."

"Hayaƙi ne ya busar da ita. Wannan a Turance sunanta simok-diris. Ni sandiris aka aiko ni. Wanda rana da kanta ta busar, ba wakili ba."

"Kai ɗan nan, shekara arba'in ina saida kifi, ba a taɓa tambayata wa ya busar da shi ba. Ci za a yi ko shaida za a kai shi kotu?"

"Ilimi ne, Inna. Ba laifinki ba ne."

"Namadi!" in ji Malam.

Namadi ya waiwayo, ya diro daga benci, ya durƙusa har kwat ɗinsa na sharar ƙasa.

"Sa! Walkam, Sa!" Ya miƙe ya ɗaga hannun Malam sama kamar ɗan damben da ya yi kaye. "Jama'a, ga mai kalmar! Ga wanda ya koya mini! Malam Haliru na Gwandu da kansa ya biyo ni ya duba aiki!"

Layin kifi ya ɗauki sowa. Inna Hafiza ta dubi Malam sama da ƙasa.

"Au, kai ne ka ce banda ba kifi ba ce?"

"Baiwar Allah, ban ce ba. Ban taɓa cewa komai a kan kifi ba. Sake mini hannu, Namadi. Yaushe na koya maka wannan ƙarya?"

"Ranar Talata, Sa. Kana sanye da shuɗiyar riga." Ya juya ga mutane ya rage murya, amma yadda har masu manja za su ji. "Tsufa ne. Abin da suka koyar da yawa, ba duka suke tunawa ba."

Malam ya buɗe jaka ya zaro ƙamus.

"Yanzu za ka karanta wa mutanen nan da bakinka."

Yana cikin neman shafi, ɗigon farko ya faɗo a kan harafin S. Kafin ya ɗaga kai, hadarin da ya taso daga gabas ya tsinke. Kasuwa ta watse, kowa na jan buhunsa. Namadi ya ruga wurin a-kori-kurar da ya ɗauko haya, wadda aka riga aka cika da kifi, barkono, kuka, kilishi, fara da ƙiraga biyu na akuya. Direban ya jawo tamfol zai rufe.

"Kar ka rufe!" in ji Namadi. "Kayan rana ne. In ka rufe su sun tashi daga sunansu."

"Ruwa hwa ake yi, Alhaji!"

"Na ɗan lokaci ne. Tuƙa!"

Motar ta fita daga kasuwa jan ruwan barkono na zuba ta bayanta. Malam ya tsaya a rumfar Inna Hafiza da ƙamus a ƙarƙashin riga.

"Almajirinka na da kai, Malam," in ji ta. "Sai dai ba a sa komi a ciki ba."

"Ba almajirina ba ne."

"To shi ya ce."

Wannan amsar tasa ta bi shi har Gwandu. Ba almajirinsa ba ne? Cikin fushi ya faɗa, amma da ya zauna a mota ya laluba, sai ya ga duk yaran da suka bi ta ajinsa yana iya tuna inda kowa ke zama, har da mai cin gyaɗa a layin baya. Fuskar Namadi ce kawai ya kasa ajiyewa a kan wani benci.

Ranar Juma'a da safe ya jawo tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, inda yake ajiye kwafin rajistar kiran suna ta kowace shekara, wanda yake yi da hannunsa don bai yarda da ajiyar ofis ba. Ya bi shekara huɗu layi-layi da yatsa. Da ya rufe ta ƙarshe sai ya yi murmushi karo na farko tun Laraba, ya tafi masallaci da sauƙin zuciya.

Da ya dawo ya tarar igiyar shanya a tsakar gida ba komai a kanta.

"Hajiya, ina babbar rigata ta gobe?"

"Ba kai ka aiko Namadi ba? Ya ce kwamiti na buƙatarta. Ya tambaya ko a rana ta bushe, na ce ƙwarai, tun safe take a igiya. Har godiya ya yi mini da Turanci."

Malam ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba tun da aka yi aurensu.

Saboda haka ranar Asabar, ranar da za a karrama shi, Malam Haliru ya fita cikin tsohon kaftaninsa na zuwa aji, wanda rabonsa da shi shekara goma sha ɗaya. Ya rungumi ƙamus da rajista ɗaya. Tun daga kwanar makaranta hanci ya gaya masa an riga shi zuwa.

Kayan da ruwa ya jiƙa a hanyar Kalgo sun kwana biyu a ɗaure, don haka Namadi ya shanya su a filin makaranta tun da sassafe, daidai gaban rumfar manyan baƙi, wai su koma sunansu kafin a fara. Tabarma goma sha biyu. Kifi a gaba, barkono a gefen da iska ke fitowa, sai kauɗa, kuɓewa, kuka, fara da ƙiraga. A ƙarshen layi ga tubalin ƙasa guda talatin da ya sa aka kwaso daga ginin wani mutum a Dodoru, tun da su ma rana ce ta busar da su. Kowace tabarma da ɗan allonta: Sandiris Na Ɗaya, Sandiris Na Biyu. A kan tarin kifin, an baza hannuwanta kamar tana maraba da baƙi, ga babbar rigar Malam. Sandiris Na Musamman.

Ƙudajen Gwandu duk sun halarta. Awakin unguwa sun yi sahu a bakin shinge suna jiran a buɗe taro. Sama kuma shirwa uku na kewayawa.

"Sa!" Namadi ya taho da gudu, yau har da laktaye. "Ka ga aiki? Ko a Ingila iyaka ke nan."

"Ɗauke mini riga daga kan kifi."

"Bayan jawabi, Sa. Ita ce kan baje kolin."

Ƙarfe goma da minti bakwai Khairiyya ta sauka daga motar Sakkwato, ta toshe hanci da gyale, ta nufo su.

"Ina kwana, Malam. Yaya Lukuman, wa ya ba masu kasuwa filin yau? Ina wanda aka ba sundries? A kawo igiya a ɗaura ƙyallen maraba, baƙi sun kusa."

Namadi ya gyara laktaye ya nuna filin da hannu biyu.

"Ga su nan, ƙanwata. Kala goma sha huɗu."

Khairiyya ta dubi filin, ta dube shi.

"Ina igiya?"

"Ba ta cikin jerin."

"Batir ɗin lasifika? Almakashin yanke ƙyalle? Ƙusoshin kafa allon suna? Fil? Gam?"

"Ƙanwata, ke jinya kika karanta. Bar Turanci ga masu shi."

Ana haka sai aka ga motar babban baƙo, wani jami'in ilimi daga Birnin Kebbi, ta riga ta shigo. Dole aka fara a haka. Ƙyallen maraba, da ba igiya, aka ba dattawa biyu suka riƙe, ɗaya dogo ɗaya gajere, sunan Malam ya karkace kamar zai zube. Lukuman ya ɗauki lasifika ya hura, ya bubbuga, ya girgiza, ba ta ce uffan ba, sai ya ajiye ya shiga ihu da bakinsa. Allon da aka rubuta Ɗakin Karatu Na Malam Haliru, da ba ƙusa, aka jingine shi a kan tubalin Dodoru.

"Kun gani?" in ji Namadi ga na kusa da shi. "Da ban kawo tubali ba fa?"

Babban baƙo ya miƙe zai yi jawabi. Ya ce, "Jama'a, ilimi," sai iska ta taso ta bi ta kan tabarmar barkono ta shigo rumfa. Ya yi atishawa. Layin gaba ya amsa. Cikin minti ɗaya rumfa duka ta ɗauka, maza da mata, har dattawan nan biyu suka saki ƙyalle ya rufe mai ɗaukar hoto. Baƙon ya share hawaye ya sake cewa, "Ilimi," sai wata shirwa ta sauko ta sure kifi, ya kuɓuce mata a sama, ya faɗo daidai kan takardar jawabinsa.

"Wannan ma cikin tsarin ne?" ya tambayi Lukuman.

"Al'adar Turawa ce, ranka shi daɗe."

Aka ce a gaggauta a yanke ƙyallen ƙofar ɗakin karatu kafin a rasa baƙon. Ba almakashi. Wani ya ce a nemo reza, wani ya ce a kira mahauci. Ana cikin shawara mai riƙe da ƙofar shinge ya saki don ya yi atishawa, awaki suka shigo. Rabinsu suka faɗa wa kuɓewa. Wani bunsuru ya wuce kai tsaye, ya kama ƙyallen ƙofa ya tsinke shi, ya shiga ɗakin karatu. Shi ne ya buɗe shi, kuma shi ne farkon wanda ya shiga. Wata akuya kuma ta hau tarin kifi ta fara tauna aikin wuyan babbar rigar Malam.

Khairiyya ta juya kan Namadi a gaban kowa.

"Wa ya gaya maka ma'anar kalmar nan? Wa?"

Namadi ya nuna kujerar girmamawa.

"Ga shi nan zaune. In akwai kuskure, daga tushe ne."

Babban baƙo ya juyo ya dubi Malam Haliru ta saman tabarau.

Malam ya miƙe. Bai yi sauri ba.

"Lukuman, Isma'il, ku shiga aji biyar ku ɗauko mini allo."

Suka ruga kamar masu shekara goma sha ɗaya. Aka kafa allo a gaban rumfa. Lukuman ya raɗa cewa ba alli, shi ma yana cikin abin da ba a kawo ba. Malam ya sa hannu a aljihun tsohon kaftani ya fito da guntun alli da ya kwana a ciki shekara goma sha ɗaya. Ya rubuta kalmar da manyan haruffa.

"Kowa ya zauna. Kai mai hoto, fito daga cikin ƙyalle ka saurara. Wannan kalma ba ruwanta da rana, ba ruwanta da shanya. Asalinta wata tsohuwar kalmar Turanci ce, syndrig, mai nufin abin da ke a ware, daban. 'Yar'uwarta ita ce sunder, wato a raba. Daga a ware ta koma daban-daban, daga nan ta koma iri-iri. In ka ce sundry, kana nufin iri-iri. In ka ce sundries, kana nufin ƙananan abubuwa iri-iri da aka tattara a layi ɗaya don ba su kai a kira sunan kowanne ba. Mu tarkace muke cewa, ko komatsai. In kuma Bature ya ce all and sundry, kowa da kowa yake nufi. Ba kowa da kifi ba. Akwai tambaya?"

Namadi ya ɗaga hannu.

"Sa, da girmamawa, ƙamusun nan naka tsoho ne. An sabunta Turanci."

"Madalla. Zo nan. Ka ce a aji biyar na koya maka?"

"Ranar Talata, Sa."

"Ga rajistar aji biyar ta shekarar su Lukuman, sa'o'inka. Na duba ta shekara uku bayanta. Karanta mana sunanka."

Namadi ya karɓa. Ya bi shafin da yatsa har ƙasa, ya dawo sama, ya juya bayan takardar.

"Wataƙila an rubuta da wani harafi, Sa."

"Tsaya!" Lukuman ya buga goshi. "Wallahi na tuna! Aji huɗu munka baro shi. Sau biyu ya maimaita, sannan babansa ya tahi da shi gona Dodoru!"

"Haka ne!" in ji Isma'il. "Shi ne mai kawo muna rake ranar kasuwa!"

Dariya ta tashi daga layin mata ta zagaye rumfa. Namadi ya sassauta laktaye.

"Ta taga na ji, Sa. Ina wucewa da rake."

"To taga ce ta koya maka. Faɗa musu. Da ƙarfi, tun da ba ka kawo batir ba."

"Sa, a bar maganar a cikin gida."

"A kasuwar Kalgo ka ɗaga hannuna. A gaban baƙo ka nuna ni. A nan za ka faɗa."

Namadi ya dubi jama'a, ya dubi bunsurun da ya leƙo ta tagar ɗakin karatu.

"Ba Malam Haliru ya koya mini ba," ya ce. "Taga ce."

"Ban ji ba," in ji Hajiya Madina daga layin mata. "Rigar mijina ma ba ta ji ba."

Ya maimaita har sau uku. Malam ya miƙa masa allin ya ce ya rubuta kalmar da ma'anarta sau hamsin, sannan ya rubuta a takarda cewa ya yi masa ƙage, ya sa hannu. Yana cikin rubutu aka yi zaɓe. Da aka kira sunan Namadi ba wanda ya ɗaga hannu, shi ma kansa bai samu dama ba, hannun na kan allo. Khairiyya aka zaɓa. Aikinta na farko shi ne ta sa ya mayar da tubalin mutane Dodoru a bayan babur, bibbiyu.

Wani zai ce magana ta ƙare. Malam Haliru bai ga haka ba. A Gwandu aka wanke shi, amma a Kalgo aka fara ɓata shi, kuma mutanen Kalgo ba su ji ba. Bayan mako biyu ya saka takardar Namadi a jaka, ya sake hawa mota, da niyyar karanta ta a tsakiyar layin kifi.

Tun daga bakin kasuwa ya fara jin kira.

"Sandiri! Sandiri mai kyau! A zo a ga sandirin Malam Haliru!"

Mai kuɓewa na faɗa, mai barkono na faɗa. A saman rumfar Inna Hafiza kuwa ga sabon allo, fentinsa ko bushewa bai gama yi ba, kuma Malam ya gane hannun tun daga nesa: SANDIRI NA MALAM HALIRU.

"Lale, Malam!" in ji ta. "Allah shi yi ma albarka. Tun da ka zo, kifin rana ya fi banda tafiya. Har daga Wurogauri zuwa ake a tambaye shi da sunan."

"Baiwar Allah, kalmar nan ba kifi take nufi ba. Ga takarda, shi wanda ya faɗa ya janye. Ya amsa a gaban jama'a cewa taga ce ta koya masa."

"To Allah shi saka wa tagar. Mu dai sunan ya karɓe mu."

"Ku cire sunana!"

"Sunanka ne ke kawo mutane, Malam. In an cire, wa zai yarda Turanci ne?"

Malam ya buɗe takardar ya karanta ta daga farko har sa hannu, da murya irin ta aji. Mutum biyu suka tsaya, ɗaya ya tambaya ko wa'azi ne. Da ya gama ya ninke ta, ya ɗaga kai, idonsa ya sake faɗawa kan allon. Ya yi ƙoƙarin kawar da kai. Ya yi taku uku zai tafi. Amma shekara talatin da biyar bai taɓa wuce kuskure a allo ya bar shi ba.

"Ba ni bencin nan."

Ya hau, ya ciro ragowar allinsa, ya soke SANDIRI da layi ɗaya madaidaici, ya rubuta SUNDRIES a samansa, harafi takwas cif. Sannan, saboda sabo, ya sa alamar maki a gefe da gajeren sa hannunsa.

Inna Hafiza ta tafa hannu ta juya ga kasuwa.

"Jama'a, ku zo ku gani! Mai kalmar da kansa ya duba kifina ya sa hannu!"